Mun yi shela an cike fom, amma babu mai duba manhajar: ina mafita?

"Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a nan Kaduna. Ni da wasu abokan aiki mun lura ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku suna rubuta ƙananan manhajoji da harshen kwamfuta na Python, wasu na lissafa sakamakon na'urorin awo, wasu na tace ƙwayoyin magani a kwamfuta kafin a shiga ɗakin gwaji, amma babu mai duba ko abin da suka rubuta daidai ne. Sai muka yanke shawarar kafa kwamitin masu bita na sa-kai. Mun watsa sanarwa a zaurukan WhatsApp, mutane da dama suka cike fom, amma da muka tura aikin farko sai muka ji shiru. Ba mu da kuɗin biyan kowa. Ta yaya ake samun masu bita na gaske, kuma ta yaya ake riƙe su?"

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri da wannan yunƙuri. Idan na tattara tambayarki, ga abin da take nufi: ta yaya sunan da ke cikin fom zai zama mutumin da zai buɗe kwamfuta ya shafe awoyi yana duba aikin wani kyauta, kuma ya yarda ya sake yi a gaba? Sanarwa ita kaɗai ba ta kawo irin wannan mutumin. Yana zuwa ne idan an kira shi da sunansa, an ba shi aiki ɗaya mai iyaka wanda ya san zai iya, an kuma faɗa masa ranar da ake so.

Shirun da kuka ji ba a Kaduna kaɗai ake jin sa ba. Rahoton da Publons, wani dandalin intanet na masu bitar maƙalu, ta fitar a 2018 kan bitar maƙalun kimiyya a duniya ya nuna cewa a 2013 edita kan aika gayyata 1.9 a matsakaici kafin ya samu bita ɗaya, zuwa 2017 kuma adadin ya kai 2.4. Wannan fa mujallu ne masu suna da ma'aikata. Bitar manhaja kuwa tana da nata ƙarin nauyin. Masanin sinadarai zai buɗe fayil ya ga rubutun Python, ya ce a ransa wannan aikin 'yan kwamfuta ne. Mai rubuta manhaja zai ga ana maganar makamashi da ma'aunin pH, ya ce wannan na 'yan kemistiri ne. Kowa ya ja da baya yana ganin akwai wanda ya fi shi cancanta, kunya kuma ba za ta bar shi ya rubuto ya ce ba zai iya ba. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda suka yi muku shiru ba su san ainihin abin da ake nema a wurinsu ba ne.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya kamata ki riƙa ba mutanen da kike gayyata labarinsa, domin yana cire musu wannan tsoron. A 2014 an buga wata maƙala a mujallar Nature Protocols tare da 'yan gajerun manhajojin Python na lissafin sakamakon NMR (hanyar gano tsarin ƙwayoyin sinadarai), masu bincike da yawa suka yi ta amfani da su. Sai a 2019 wata tawaga a Jami'ar Hawai a Amurka ta gano cewa bayanai iri ɗaya suna ba da amsa daban gwargwadon kwamfutar da aka yi aikin a kanta: wata ta ba da 173.2, wata 172.4, suka buga abin da suka gano a Organic Letters. Dalilin shi ne manhajar tana kwaso fayiloli daga jaka ba tare da ta jera su ba, ta dogara da yadda kwamfuta ta miƙo mata su, alhali kowane tsarin kwamfuta da irin jerinsa. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Kama irin wannan kuskure ba ya buƙatar farfesa. Mutum biyu masu kwamfuta iri daban, kowa ya gudanar da misali ɗaya su kwatanta amsa, sun isa.

Mutum biyu, kowa da aikinsa

Kada ki nemi mutum ɗaya da ya ƙware a sinadarai kuma ya ƙware a rubuta manhaja. Akwai su, amma 'yan kaɗan ne, kuma kowa su yake nema. pyOpenSci, wadda ke bitar manhajojin kimiyya na Python, da rOpenSci ta masu amfani da R, da JOSS, mujallar manhajojin bincike da aka kafa a 2016, dukkansu masu bita aƙalla biyu suke sa wa kowane aiki. Tsarin da na ga ya fi aiki shi ne ɗaya ya ɗauki ɓangaren kimiyya, ɗaya ya ɗauki ɓangaren ginin manhajar, kuma a rubuta wa kowannensu ƙarara cewa ba a ɗora masa alhakin ɗaya ɓangaren ba.

Masanin sinadarai ba sai ya karanta kod, wato rubutun manhajar, ba. Aikinsa shi ne ya ciyar da manhajar abin da ya riga ya san amsarsa, ya ga me za ta ce. A ɗauki ɗalibin da ya ɗebo ruwan Kogin Kaduna ta wajen Kakuri, ya auna dalma da kadmiyam da na'urar AAS mai auna ƙarafa, ya rubuta manhajar da ke juya karatun na'ura zuwa yawan ƙarfe a lita. Mai bita zai ɗauki samfur ɗaya ya yi lissafin da hannu ko a Excel, ya kwatanta. Zai duba ko an ninka da adadin tsarmawar da aka yi wa samfurin, domin wannan ne aka fi mantawa. Zai saka karatun da ya zarce mafi girman ma'aunin da aka zana layin daidaitawa da shi, ya ga ko manhajar za ta yi gargaɗi ko kuwa za ta fitar da lamba kamar babu komai. Zai saka karatun da ke ƙasa da iyakar abin da na'urar ke iya ganowa, ya ga ko an mayar da shi sifiri a ɓoye, abin da ke janyo matsakaicin sakamako ƙasa. Sannan ma'aunai: Salsiyos ko Kelbin, tazarar 273.15 ce tsakaninsu. R ɗin da aka saka 8.314 ne ko 1.987, kilokalori ko kilojul, ninkin 4.184. Akwai kuma tarkon da ke kama masu tasowa daga Excel zuwa Python: LOG a Excel mai tushe 10 ne, log a NumPy, kayan lissafi na Python, kuwa na ɗabi'a ne (mai tushe e), don haka amsa kan kauce da ninkin 2.303 ba tare da wani saƙon kuskure ya fito ba.

Idan manhajar ta lissafin ƙwayoyin sinadarai ce, gwajin ya ɗan bambanta amma hanyar ɗaya ce. A ba ta asfirin, nauyinsa ya fito 180.16, a ba ta kafeyin, 194.19. A ba ta gishirin magani mai ɓangare biyu a ga ko ta san ta ware sodiyam ko kuloraid ɗin. A ba ta L-alanin da D-alanin, waɗanda suke kamar hoton juna a madubi, a ga ko ta ɗauke su abu ɗaya. A ba ta rubutun SMILES (yadda ake rubuta tsarin ƙwaya da haruffa) da aka lalata da gangan: RDKit, kayan aikin da ke karanta shi, ba ya tsayar da aiki a nan, yakan mayar da amsa wofi ne, kuma ɗalibin da bai yi tanadin hakan ba zai rasa wasu ƙwayoyin daga jerinsa bai sani ba. Mai aiki da manhajojin lissafin makamashin ƙwayoyi irin su Psi4 ko PySCF ya gwada ƙwayar ruwa da hanyar lissafi ta Hartree-Fock da STO-3G, makamashin ya zo kusa da -74.96 a ma'aunin hatiri, kuma a tabbatar hatiri ɗaya 627.5 kilokalori ne a kowane mol, an kuma bambanta ma'aunan tsayi na bor da angistirom, tunda bor ɗaya 0.529 angistirom ne. Duk wannan malamin da bai taɓa rubuta layin kod ɗaya ba zai iya yin sa da yamma ɗaya, muddin an kafa masa manhajar.

Mai duba gini shi kuma tambayarsa ta farko ita ce: idan na bi umarnin da aka rubuta, a kwamfutar da ba ta taɓa ganin wannan aiki ba, zai kafu? Mafi yawan manhajojin ɗalibai a nan suke faɗuwa, saboda an rubuta adireshin jakar kwamfutar mai aikin a cikin kod, ko ba a faɗi zubin (version) laburaren kod da aka yi amfani da shi ba. Daga nan sai ya duba ko akwai gwaje-gwajen da ke gudana da kansu, ko akwai lasisi irin MIT ko BSD ko GPL, ko an kafe lambar farawa (seed) da ke sarrafa zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi domin sakamako ya maimaitu, ko akwai misali da bayanansa da amsar da ake sa rai. Jerin tambayoyin bita na JOSS a buɗe yake ga kowa. Ku ɗauko shi ku rage shi zuwa shafi ɗaya, ku ƙara tambayoyin sinadarai a kai.

Inda za a same su

Tsakanin Kaduna da Zariya akwai mutane fiye da yadda ake zato: Jami'ar Jihar Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, NDA, AFIT, Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa. Kada ki tsaya a sashen sinadarai. Masu fizis da ke aiki da manhajar Quantum ESPRESSO, da masu harhaɗa magunguna da ke gwada ƙwayoyi da manhajar AutoDock Vina, da injiniyoyin sinadarai, duk sun saba da layin umarni. Taron reshen Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Najeriya wuri ne na samun ɓangaren kimiyya. Ɓangaren gini kuwa sai ki fita daga jami'a, ki je inda matasa masu rubuta manhaja ke taruwa, irin su cibiyar fasaha ta CoLab da ke Kaduna da tarukan GDG na masu aiki da fasahar Google. Da yawansu sun fi malamai iya Git (manhajar bibiyar sauye-sauyen kod) da gwaje-gwaje, kuma suna son abin da za su nuna a shafinsu na GitHub, dandalin ajiye kod a intanet. Sai 'yan uwanmu da ke karatun digiri na uku a waje, waɗanda wuta da intanet ba sa ba su matsala, kuma galibi suna neman hanyar da za su amfani gida.

Ra'ayina shi ne ɗaliban digiri na uku da ƙananan malamai su ne ƙashin bayan wannan aiki. Farfesa ki je masa da wata buƙata daban: ya ba ki sunan mutum biyu daga cikin almajiransa, ya kuma gaya musu da bakinsa cewa ya ba da sunansu. Wannan ya fi sanarwa goma tasiri.

Jerin da kuka riga kuka tara kada a yar da shi, a tace shi. Ku sake tura wa kowa saƙo shi kaɗai, da ɗan aikin da bai wuce minti 30 ba: ga ƙaramar manhaja, kafa ta, saka mata wannan fayil, turo mana lambar da ta fito da sunan tsarin kwamfutarka. Waɗanda suka dawo da amsa su ne jerinku na gaskiya. Wanda ya rubuto ya ce ya gwada ta ƙi kafuwa, ga saƙon da ta nuna masa, shi ma ya ci jarrabawar, domin abin da ya yi ɗin shi ne bita. A sabon fom a tambayi fannin mutum dalla-dalla, harshen da ya iya, Windows yake da ita ko Linux ko Mac, bita nawa zai iya a shekara, da watannin da ba ya son a taɓa shi.

Yadda ake gayyata

Mai gonar da ke son gayya yakan bi abokansa gida-gida, ya faɗi ranar, ya faɗi gonar, ya kuma tanadi abin da za a ci. Gayyatar mai bita ma haka take. Saƙon ya fara da sunan mutum da dalilin da ya sa aka zaɓe shi: mun ga aikinka a kan ƙarafa masu guba a ruwa, ga manhaja a kan wannan fannin. Sai jimla biyu kan abin da manhajar ke yi, da mahaɗin da zai buɗe ya leƙa kafin ya amsa. Sai ɓangaren da ake so ya duba da wanda ba nasa ba, da ƙiyasin lokaci na gaskiya. Ƙaramar manhajar ɗalibi awa 2 zuwa 4 ce, babba mai sassa da yawa tana iya cin awa 10. Idan kika ce masa minti kaɗan ne ya tarar da kwana biyu, kin rasa shi. Sai ranar ƙarshe. Mako 3 shi ne wa'adin rOpenSci da pyOpenSci, kuma ya dace da ku. A ƙarshe ki buɗe masa ƙofar fita: idan ba hali, ka ce mana a'a cikin mako ɗaya, ka ba mu sunan wani. A al'adarmu cewa a'a ga malami yana da nauyi, shi ya sa mutum kan ce "to, in sha Allahu" ya ɓace. Idan kika nuna masa a'a ba laifi ba ce, za ki samu amsar gaskiya da wuri.

Imel shi ne na ajiya, amma ki bi shi da kira ko saƙon WhatsApp na kai tsaye. Ki gayyaci mutum uku ko huɗu domin kujera biyu. Ki duba kalanda: lokacin jarrabawa da makin takardu, makonnin kare kundin digiri, goman ƙarshe na azumi, Sallah da Kirsimeti, duk gayyatar da ta faɗa cikinsu ta tafi. Tunatarwa ɗaya a tsakiyar wa'adi, ɗaya kwana 3 kafin ya cika. Idan mako ya wuce bayan wa'adi babu labari, ki gode masa ki sauya wani ba tare da ɓacin rai ba.

Wani abin da ke kashe masu sa-kai shi ne a turo musu aikin da bai nuna ba. Kafin manhaja ta bar hannun kwamiti, ɗayanku ya kafa ta da kansa. Idan ba ta kafu ba, ko babu misali, ko babu takardar bayani, ta koma wurin mai ita.

Wuta, data, da zaman haɗin gwiwa

Kafa RDKit ko Psi4 ta hanyar conda, manhajar da ke kafa irin waɗannan kayan aiki, kan sauke ɗaruruwan megabayit, wani lokaci fiye da gigabayit. Mai bitar da ke sayen data da albashinsa zai ji wannan a jikinsa. Ku wajabta wa mai manhaja ya kawo misalin da zai ƙare cikin minti 10 a laftof na talaka, kuma in zai yiwu ya shirya shi a Google Colab, shafin gudanar da Python ta intanet, inda saukewar ke faruwa a kwamfutocin Google, mai bita burauza kawai yake buƙata. Sai dai Colab tsari ɗaya ne na Linux, don haka ko da an yi amfani da shi, mutum ɗaya ya kafa manhajar a Windows. Idan sashe zai iya ba da kuɗin data, a bayar ga kowa daidai kuma kafin a fara, domin kada ya yi kama da ladan amincewa.

Abin da na fi ba ku shawara a farkon tafiya shi ne zaman Asabar ɗaya a ɗakin da ke da sola ko janareta, a zo da fayilolin kafawa a filasha, a zaunar da masanin sinadarai kusa da mai rubuta manhaja su duba aiki ɗaya tare. Sabon shiga ya zauna da wanda ya taɓa yi. Wanda ya yi bitarsa ta farko da wani a gefensa ba ya jin tsoron ta biyu shi kaɗai.

Sanayya da girmamawa

Ƙa'idar JOSS ita ce mutum ba ya bitar aikin wanda suka yi bincike tare cikin shekara 4 da suka wuce, ko wanda suke ma'aikata ɗaya cikin shekarar da ta gabata; tsakanin ɗalibi da mai duba kundinsa, ko 'yan uwa, haramcin na har abada ne. Idan kuka ɗauki wannan yadda yake, ba za ku samu kowa ba, tunda masana sinadarai a yankin nan yawanci ko sun koyar da juna ko sun yi aji ɗaya. Abin da zai yiwu: mai duba kundi da ɗan uwa ba sa bita ko kaɗan, aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya fito daga wata makaranta, sauran alaƙa kuma a rubuta ta a fili a saman rahoto.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce ƙarami ya duba aikin da sunan babba ke kai. Ba zai iya rubuta wa malaminsa cewa ya yi kuskure ba, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Maganin yana cikin siffar rahoton: mai bita ya rubuta abin da ya saka, abin da ya fito, da abin da ya sa rai zai fito. "Na saka 25 a gurbin zafi, amsar ta yi daidai da 25 Kelbin." Babu rashin ladabi a wannan. Hukuncin karɓa ko mayarwa kuwa na kwamiti ne, da sa hannun shugabansa. JOSS tana yin bitarta a bainar jama'a a GitHub da sunan kowa. Ku kuna iya farawa da ɓoye sunan mai bita ga wanda ya nema, a bayyana bayan an kammala idan ya yarda.

Abin da ke dawo da mutum

Tunda babu kuɗi, a biya da abin da za a iya nunawa. Wasiƙar godiya a kan takardar sashe, da sa hannu da hatimi, mai ɗauke da sunan aikin da kwanan wata, wadda zai saka a fayil ɗinsa. Sunansa a shafin godiya na manhajar. Idan an ajiye manhajar a Zenodo, ma'ajiyar ayyukan bincike ta intanet wadda ke ba da lambar shaida ta dindindin (DOI) kyauta, a haɗa da rahoton bitar domin ya saka a ORCID ɗinsa, shafin da ke tattara ayyukan mai bincike. Kada ku yi wa kowa alkawarin cewa kwamitin ƙarin girma zai ƙirga wannan sai kun samu hakan a rubuce daga makarantarsa. Kada kuma a saka mai bita cikin marubutan aikin a matsayin tukuici, wannan yana rushe bitar daga tushe. Ku gaya masa abin da ya biyo bayan rahotonsa, wane gyara aka yi, domin wanda ya aika rahoto bai sake jin komai ba yakan ɗauka ba a karanta ba. Bita 2 ko 3 a shekara ta ishi mutum ɗaya, musamman wanda ya fi kowa ƙoƙari, tunda shi ake yawan komawa wa har ya gaji. Duk wanda aka duba masa manhaja kuma ya san tun farko cewa akwai bashin bita ɗaya a kansa. Waɗanda suka goge ki tura su su yi rajista da JOSS ko pyOpenSci, za su koyo abubuwa su dawo muku da su.

Iyakar abin da bitar ke tabbatarwa

Awoyi kaɗan na mutum biyu ba sa tabbatar da cewa manhaja ba ta da kuskure. Suna tabbatar da cewa ta kafu, ta ba da amsa daidai a misalan da aka gwada, kuma wani zai iya amfani da ita. Idan aikin ya dogara da manhajar Gaussian, wadda ake saye, mai bitar da ba shi da lasisi fayilolin sakamako kawai zai iya dubawa. Lissafin da ke cin kwanaki a babbar kwamfuta ba za a maimaita shi a laftof ba, sai ƙaramin samfurinsa. Kod ɗin da ɗalibi ya samo daga ChatGPT da makamantansa yakan fito da tsabta da kyan tsari ko da lissafin cikinsa ya kauce, don haka a nemi ɗalibin ya bayyana inda ya yi amfani da su, a kuma tsananta gwajin amsar da aka sani a waɗannan wuraren. Saboda haka takardar da kwamitinku zai bayar kada ta ce "an tabbatar da ingancin wannan manhaja". Ta faɗi zubin da aka duba da kwanan wata, kwamfutocin da aka kafa ta a kansu, misalan da aka gwada da amsoshinsu, da sassan da ba a taɓa ba. Idan ɗalibin ya sauya lissafin cikinta bayan haka, sabon zubin ya dawo a sake gudanar da waɗannan misalan kafin a saka sakamakonsa a kundi.